Haƙƙin Buzuzu A Kan Mai Shanu

Duk wanda ya taɓa yin watan Agusta a ƙauyukanmu na bakin tur'a, ko a kambo, ko a garuruwan da ke jere a gaɓar Nilul Azraƙ daga Mai Wurno har Rusairis, ba sai an yi masa bayanin ƙuda ba. Ruwa ya sauka, baƙar lakar Jazira ta riƙe shi ta ƙi saki, zariba ta zama taɓo, kashin shanu da fitsari da ragowar kara sun cakuɗe wuri guda. Mace tana tatsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kora. Saniya tana ta buga ƙafa tana kaɗa wutsiya, ba ta tsaya ta ci abin kirki ba, da yamma kuwa nono ya ragu. Jariri yana barci a inuwa, ƙudaje sun yi masa kwalli a ido.

A daminar da ta wuce na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani maƙwabcinmu, dattijo mai shanu huɗu, ƙuda ya ishe shi, sai ya samo ragowar maganin feshin auduga a wata jarka da ba ta da ko takarda a jikinta, ya dama da ruwa, ya feshe zariba tun daga turke har shinge, bai bar tsibin taki ba. Ranar nan kowa ya yaba. Ƙudaje suka zube kamar an watsa baƙin riɗi. Washegari kajinsa uku suka mutu, domin sun tsattsage gawar ƙudan. Da na duba gefen tsibin takin sai na ga buzuzu birjik, manya da ƙanana, sun yi rigingine ƙafafu sama. Ba a yi kwana 12 ba ƙuda ya dawo, kuma a ganina har ya fi na da. Na ce masa, "Baba, wannan magani ya kashe maka ma'aikata." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce yaran zamani har buzuzu suke yi wa ta'aziyya.

To, ta'aziyyar ce nake so in ƙarasa a nan, kuma ina da hujja. Ra'ayina shi ne, feshin zariba da guba mai kashe kowane ƙwaro asara ce ga mai dabba, ko da kuwa kyauta aka ba shi maganin, kuma mu mutanen Jazira mun fi kowa cancantar sanin haka, domin a gonakinmu aka yi wannan kuskure a gaban idon duniya.

Bari in tuna wa matasa labarin, tunda iyayenmu da kakanninmu su ne suka tsinci audugar da ake magana. An kammala madatsar Sinnar a 1925, aikin noman Jazira ya kankama, daga baya aka ƙara Managil, har filin ya haura fadan miliyan 2. A tsakiyar shekarun 1940 aka fara fesa DDT a kan auduga domin wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye da ake kira jasid. Feshi ɗaya a shekara ya wadatar a lokacin, amfani kuma ya ƙaru, kowa ya yi murna kamar yadda muka yi wa maƙwabcina murna. Sai tsutsar da ke huda ƙwallon auduga ta yi ƙarfi a shekarun 1960, aka ƙara feshi. Daga nan farin ƙuda, wanda a da ba a ɗauke shi bakin komai ba, ya zama annoba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 jiragen sama suna feshin gona ɗaya sau takwas ko tara a kaka guda, farin ƙuda kuwa sai ƙaruwa yake yi. Shi ne ya kawo asala, wannan danƙo da ke manne wa auduga, wanda ya sa masaƙun ƙasashen waje suka riƙa karya farashin audugar Sudan. Kuɗin magani ya hau, amfanin hawasha ya sauka, mai gona ya ƙare shekara da bashi, ɗan ƙodago kuma, wanda sau da yawa namu ne, ya koma kambo da abin da bai kai ya kawo ba.

Da masana suka zauna binciken dalili, abin da suka tarar mai sauƙin fahimta ne. Farin ƙuda yana da abokan gaba a gonar tun asali: waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke saka ƙwai a jikin 'ya'yansa, da gizo-gizo, da sauran masu farautarsa. Guba ta share su. Shi kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin ganye inda feshin jirgi ba ya kai wa sosai, yana hayayyafa da sauri, waɗanda suka tsira suna haifar masu jure magani. A 1979 aka fara wani shiri tsakanin Hukumar Binciken Aikin Gona da ke Wad Madani da hukumar FAO, da tallafin ƙasar Holan, wanda ginshiƙinsa shi ne a jinkirta feshin farko, a rage yawansa, a bar ƙwarin kirki su farfaɗo. A gonakin gwajin da aka yi haka, farin ƙuda ya lafa. A ƙarshen shekarun 1980 har wani ɗan ƙwaro mai suna Trichogramma aka kawo daga Amurka domin ya lalata ƙwan tsutsar auduga. Kuma ba wannan ne kaɗai karon da Sudan ta yi hayar ƙwaro ba: ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa da ta toshe Farin Nilu tun ƙarshen shekarun 1950, wadda aka yi shekaru ana fesa mata magani a kudancin Jabal Auliya, waɗansu ƙwari masu cin ta da aka saki a ƙarshen shekarun 1970 sun taimaka ƙwarai wajen karya lagonta.

Abin da ya faru a hawasha shi ne yake faruwa a zariba, sai dai a ƙaramin fili da kuma gajeren lokaci. Ƙudan gida macen tana saka ƙwai kusan 100 ko fiye a zama ɗaya, kuma takan yi haka sau da dama a rayuwarta. A zafi irin namu ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin yini guda, tsutsa ta ci ta ƙoshi cikin 'yan kwanaki, ta rarrafa zuwa wuri mai ɗan bushewa ta rufe kanta cikin wani jan ƙwanso mai kamar ƙwayar shinkafa, sannan ƙuda ya fito. Daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi, kwana 7 zuwa 10 ne. Wanda ka gani yana yawo kaɗan ne daga cikin rundunar. Mafi yawanta tana cikin taki tana jiran fitowa. Feshi yana kashe na sama, ya kashe masu cin na ƙasa, ya bar na ƙasan da ke can ciki. Su kuwa masu cin nasu ba sa hayayyafa da saurin ƙuda. Saboda haka bayan kowane feshi ƙuda ne ke riga kowa dawowa, ya tarar da gida babu mai gadi.

Su wane ne masu gadin? Na farko dai buzuzu, wanda muka raina har muka mai da sunansa abin zagi. Mu dai mun fi sanin mai mirgina dunƙule da ƙafafun baya, amma waɗanda suka fi yi wa makiyayi aiki su ne masu haƙa rami a ƙarƙashin kashin saniya, su ja shi ƙasa su binne, su saka ƙwansu a ciki. Idan suna da yawa, kashin da aka yi da safe kafin kwana biyu ya zama ɓawo da ƙasa mai laushi. Tsutsar ƙuda ba ta rayuwa sai da danshi, don haka sun ƙwace mata abinci da makwanci. Da yawa daga cikin tsutsotsin cikin dabba, waɗanda ƙwansu ke fita tare da kashi su koma kan ciyawa, su ma nan suke halaka. Ramukan kuma suna buɗe wa ruwa hanya a wannan laka tamu mai taurin kai, takin ya shiga inda saiwa za ta same shi. A jikin buzuzu ma, in ka juya shi, sau da yawa za ka ga waɗansu 'yan ƙananan halittu manne kamar ƙananan kaska. Hawa suke yi ya kai su sabon kashi, su sauka su ci ƙwan ƙuda.

Wanda yake ganin wasa ne, ya ji abin da ya faru a Ostareliya. Babu shanu a can sai da Turawa suka kai su a 1788. Buzuzun ƙasar ya saba da busasshen kashin dabbobin dajinsu, bai san yadda zai yi da ɗanyen kashin saniya ba. Saniya guda tana yin kashi sau 10 zuwa 12 a yini, ga shanu miliyoyi, sai kashin ya riƙa zama a fili wata da watanni, yana hana ciyawa tsiro, ƙuda kuwa ya yi yawan da cin abinci a waje ya zama wahala. Wani masani ɗan asalin Hangari, George Bornemissza, ya ba da shawarar a nemo buzuzu daga inda shanu suka daɗe. Daga 1965 zuwa 1985 hukumar binciken kimiyya ta ƙasar ta yi wannan aiki, har ta buɗe tasha a Firitoriya ta Afirka ta Kudu domin tattarawa da tantancewa. An saki sama da iri 40, iri 23 suka kama ƙasa suka zauna, kuma da yawansu 'yan Afirka ne. Gwamnati ta kashe kuɗi shekara 20 tana jigilar abin da yaranmu ke takewa da gangan a hanyar makaranta.

Na biyu ba a cika ganinsa ba saboda ƙanƙanta. Kowa ya san zanzaro, yadda yake harbin tsutsa ya sumar da ita, ya kai ta ɗakinsa na laka, ya saka ƙwai a kanta domin ɗansa ya tashi ya tarar da abinci. To akwai danginsa baƙaƙe da ba su fi ƙaramar tururuwa ba, masana suna kiran waɗansu Spalangia, waɗansu Muscidifurax. Ba sa harbin mutum ko dabba. Aikin macen shi ne ta bi cikin taki tana neman jan ƙwanson nan, ta huda shi, ta saka ƙwanta. Ɗanta ya cinye ƙudan tun bai fito ba. A Amurka da Turai akwai kamfanonin da ke kiwon su, masu dawaki da masu shanun madara suna saye a aiko musu a jaka, su barbaɗa a gefen garke kowane 'yan makonni. Ba ina cewa mu yi odar su ba. Wanda yake neman kuɗin buhun dawa ba zai sayi ƙwaro daga ƙetare ba, kuma babu bukata. Irin waɗannan ƙwari suna ko'ina a duniya inda ake tara taki. Abin da suke nema a wurinmu kawai kada mu kashe su. Su suna ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin sabon zubi ya fito, ƙuda kuwa mako ɗaya da 'yan kwanaki, to ka ga wanda feshi ya fi cuta.

Akwai wata guba da ba a fesawa, amma ta fi ratsa taki, ita ce allurar ivermectin. Tun da ta shigo kasuwa a farkon shekarun 1980 ta zama abin da makiyayi ke fara nema, kuma gaskiya magani ce mai kyau ga tsutsar ciki da ƙazuwa. Sai dai yawancinta tana fita ta kashi da ƙarfinta, ta yi kwanaki har makonni tana fita. A 1987 waɗansu masana biyu na jami'ar Biristol a Ingila suka nuna cewa kashin maruƙan da aka ba maganin ya yi kwana 100 a fili kusan yadda yake, babu ƙwarin da suka taɓa shi, alhali na sauran ya ruɓe ya ɓace. Mu kuwa yanzu, da likitan dabbobi ya yi wuyar gani tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kowa ya zama likitan kansa: ana yi wa garke duka allura, mai ciwo da lafiyayye, a tsakiyar damina, daidai lokacin da buzuzu ke fitowa ya hayayyafa. Har saniyar da ake tatsa ana yi wa, a sha nonon da yamma, abin da takardar maganin kanta ta hana. Ni abin da nake gani shi ne a yi wa dabbar da ta nuna alama kaɗai, in da hali a kai shi rani lokacin da buzuzu ke kwance a ƙasa, wadda aka yi wa kuma a ɗaure ta gefe na mako biyu ko uku, a tara kashinta daban ya bushe a yi makamashi da shi ko a sayar wa masu kaminar bulo.

Dole in yi wa maƙwabcina adalci, domin yana da magana. Feshi yana aiki yau, buzuzu kuwa sai an jira. Mutumin da ɗansa ke gudawa, ga labarin kwalara yana yawo kamar yadda ya yi a daminar 2024, ba za ka ce masa ya yi haƙuri ƙwari su taru ba. Na yarda. A irin wannan hali a yi maganin ƙuda, amma a yi shi inda ƙuda ke sauka ya huta, wato bango da rufin rumfa da igiyoyin da aka rataya, a nesa da abinci da yara da kaji, da maganin da aka san sunansa da ma'auninsa. Tsibin taki da ƙasan zariba a ƙyale su. Maganin auduga kuwa, musamman na jarkar da ba ta da suna, ba shi da wurin zama a gidan da ake tatsar nono. Ƙudan da ke bin idon yara yana yaɗa ciwon ido ya fi son bayan gidan mutum da aka yi a fili, maganinsa masai mai murfi da wanke fuska, buzuzu ba zai ɗauke mana wannan nauyi ba.

Haka kuma ba kowane ƙuda ne ke fitowa daga taki ba. Bobuwa, mai cizon da ke fitar da jini, a taɓon bakin ruwa da fadamu take hayayyafa. Ita ce, tare da laka, ke kora makiyayan kudancin Nilul Azraƙ, Larabawan Rufa'a da Kenana da 'yan'uwanmu Fulani, su yi arewa da dabbobinsu kowace damina. Tana ɗaukar sammore a bakinta daga dabba zuwa dabba ko a inda babu ƙudan tsando, wanda shi ake samunsa can wajen Kor Yabus kusa da iyakar Habasha, kuma ita ce ke yaɗa ciwon jufar a raƙuma. Wannan sai hayaƙi da yamma, da kauce wa fadama da tsakar rana, da tarkon shuɗi da baƙin ƙyalle irin wanda aka ƙirƙira a cibiyar binciken ƙwari ta Nairobi, wanda tela na ƙauye zai iya ɗinkawa in ya ga samfuri. Amma ɗan ƙudan nan mai kama da na gida, mai cizon shanu a ƙafafu har su yi ta buga ƙasa, shi a gidanmu yake tashi, a ruɓaɓɓen kara da ciyawar da fitsari ya jiƙa a gindin turke da ƙarƙashin kwamin abinci. Mai son ya rage shi ya fara da wannan wuri.

Kwana 7 ɗin nan da na ambata su ne ma'aunin aikin duka. In ana kwashe jiƙaƙƙen taki da ragowar abinci sau ɗaya a mako, an yanke wa ƙuda hanya kafin ya kammala. Wanda aka kwashe, ko dai a baza shi siriri rana ta busar da shi, ko a tsiba shi da tsayi a rufe da ƙasa ko tsohuwar leda, zafin cikinsa ya dafa tsutsar. Busasshen da ke gefen shinge kuwa kada a share shi ƙarƙaf, a bar kaɗan, nan ne mazaunin 'yan zanzaron da sauran masu farauta. A ɗaga wurin turke da ƙasa, a yi wa ruwa hanyar fita, a gyara inda kwamin sha ke yoyo. A bar kaji da zabi su yi tonon su, a daina jifan balbela. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar fam guda, sai dai ƙarfi da naci, kuma na san a gidaje da yawa matan da ke tatsa da yaran da ke kiwo ne za a bar wa aikin, alhali mai gida ne ke yanke shawarar sayen guba. Wannan ma abin dubawa ne a majalisar bayan la'asar.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu jikokin mutanen da suka san darajar taki ne. A karkarar Kano an yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da takin da jakuna ke ɗauka a mangala daga gari zuwa gona, kuma manomi yana roƙon Bafulatani ya kwana da shanunsa a gonarsa bayan girbi. Da muka zo ƙasar da ake ba da takin zamani da magani bashi daga ofishin taftish, sai muka koyi kallon kashin dabba a matsayin ƙazanta, abin da ke rayuwa a cikinsa kuma abin kashewa. Yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin yawancinmu, masu lambun albasa da kuɓewa a gaɓar kogi sun fara komawa neman abin da ke zariba, kuma takin da aka jiƙa da gubar da ba a san irinta ba, a kan abin da za mu ci zai ƙare.

Ga malaman makarantunmu da duk mai shakka, akwai gwajin da yaro ɗan aji huɗu zai iya yi. A tona gefen tsibin taki inda ya fara bushewa, a tsinci jajayen ƙwanson nan kamar 50, a zuba a kwalba mai haske, a ɗaure bakinta da ƙyalle mai sirara, a ajiye a inuwa. Cikin mako guda ƙudaje za su fito, kowanne ya ɓalle kan ƙwansonsa kamar an cire hula. Kada a zubar da sauran da ba su fashe ba. A ƙara musu mako biyu ko uku, sannan a duba: in an ga waɗansu 'yan baƙaƙen ƙwari suna yawo a jikin kwalbar, ƙwanson kuma da ɗan rami zagayayye kamar an huda da allura, to su ne. A yi kwalba ɗaya daga zaribar da aka fesa, ɗaya daga wadda ba a fesa ba, a rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace, a ƙirga. Ni na riga na ajiye kwalabe biyu domin daminar bana, kuma Baba ya yarda a ɗebo ta farko daga bayan turkensa, da sharaɗin in ta fito babu komai zan saya masa kaji uku.